Amfanin Hira da Masu Bincike

Zan faɗi ra'ayina a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Al'amarin kuwa shi ne nisan da ke tsakaninmu, mu ɗalibai da iyayenmu manoma, da mutanen nan da ake kira masu bincike, watau masanan da aikinsu shi ne tono abin da ba a riga an sani ba a fannin kimiyya da lissafi da falsafa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. To, amma ai sai matambayi ya sami wanda zai tambaya tukuna.

Duk wanda ya tashi a Morai, ko Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya saba ganin irin waɗannan baƙi. Sukan iso da mota da hantsi, su ɗebi ƙasar gona a leda, su ɗebi ruwan kanal a kwalba, su tsai da manomi su yi ta yi masa tambayoyi suna cika takarda, kafin la'asar sun kama hanya. Abin da suka gano sai a rubuta shi da Turanci mai tsauri, a ajiye a laburaren jami'a, mai gonar kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai ji abin da aka gani a cikin ƙasarsa ba. A ganina wannan babbar hasara ce gare mu da su baki ɗaya. Ra'ayina shi ne ya kamata a riƙa shirya zama na musamman a makarantunmu, inda masu bincike za su zo mu yi hira da su ido da ido cikin harshen Hausa, mu tambaye su, su ma su tambaye mu, a kuma gayyaci dattawan gari su zauna a ciki. Ga dalilaina.

Da farko dai, akwai abin da ɗalibi ke samu a bakin mai bincike wanda ba ya samu a littafi. Littafi yakan ba mu amsa ne a gyare, kamar tuwon da aka riga aka kwashe aka ajiye a akushi. Mai bincike kuwa shi ne ya ga sussuka da daka da tankaɗe. Ya san inda aka gwada abu ya ƙi, ya san inda har yanzu ake shakka. Ba ina rage darajar malamanmu ba ne, Allah ya saka musu da alheri. Amma malami yana da manhaja da dole ya ƙare kafin jarrabawa, ga aji cike da ɗalibai, ga ƙararrawa tana jiransa. Sau da yawa mukan haddace ƙa'ida mu rubuta ta a takardar jarrabawa, ba mu taɓa ganin inda take aiki ba.

Bari in kawo misali. A hutun da ya wuce ina taya mahaifina ban ruwa a gonar shinkafa, sai ga wani saurayi ya tsaya a bakin kanal da igiyar awo a hannu. Ya durƙusa ya gai da mahaifina, ya ce shi ɗalibin jami'a ne, yana bincike a kan yawan ruwan da ke salwanta a hanya kafin ya kai gonaki. Na ce masa, "Malam, yaya za a auna ruwan da ke gudu, alhali ba a tsaye yake ba, balle a zuba shi a mudu?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, samo mini guntun kara."

Muka auna faɗin kanal, mita 2. Muka auna zurfin ruwa, rabin mita. Ya jefa karan a ruwa, ni kuma ina duban agogo, karan ya yi tafiyar mita 10 cikin sakan 20, watau rabin mita ke nan a kowane sakan. Ya ce in buga faɗi sau zurfi sau gudu. Na buga, ya ba ni rabin kubik mita, watau lita 500. Sa'an nan ya ce ruwan sama ya fi na ƙasa sauri, don ƙasan kanal da gefensa suna riƙe ruwa, saboda haka akan rage kamar kashi ɗaya cikin biyar. Ya rage lita 400, watau durom biyu ke wucewa ta gabanmu a kowane sakan. In aka sake yin awon a ƙarshen kanal, bambancin shi ne ruwan da ya ɓata. Lissafin nan mun yi shi a aji tun muna aji uku, amma ran nan na ga amfaninsa da idona.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Mahaifina, wanda bai taɓa shiga aji ba, ya ce, "Samari, in da hantsi kaɗai kake awonka, ba za ka san gaskiyar ruwan nan ba. Ka dawo bayan magariba, lokacin da masu inji ke jan ruwa daga sama, ka kuma duba ramukan gafiya a gefen can." Nan take saurayin ya fito da littafinsa ya rubuta, ya ce, "Baba, na gode, ka rage mini wahalar wata guda." Kun ga ke nan hira ta yi riba ta fuska biyu.

Abu na biyu, kada wani ya zaci wannan baƙuwar al'ada ce nake so a ɗauko mana daga Turai. Gadonmu ce. A shekarar 1824 wani Bature matafiyi mai suna Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya sadu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Da ya baje taswirar sararin samaniya a gaban Sarki, sai ya tarar Sarki ya san burujai duka, ya kuma san taurari da yawa da sunayensu na Larabci. Sarki ya yi masa tambayoyi a kan ƙungiyoyin addinin Kirista na dā, har Baturen ya amsa cewa saninsa bai kai nan ba. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabarsa akwai littafin lissafi na Yuklid, masanin nan na zamanin Girkawa, wanda aka juya da Larabci. Clapperton ya rubuta cewa ya shiga wurin Sarki ya same shi zaune da littafin a gabansa, Sarki kuma ya shaida masa cewa da ma gidansu suna da kwafi ɗaya da aka kawo daga Makka, gobara ce ta cinye shi. Ku duba fa, shugaba ne mai fama da mulki da yaƙi, amma ya sami lokacin zama da baƙo su tattauna taurari da lissafi.

Haka kuma a 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sadu da Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ta wajen 'yarsa Hadiza, wanda ya yi makaranta a Salame, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan tarihi da falsafa. Barth ya shaida cewa shi ne mafi ilimi a cikin mutanen Sakkwato na wannan zamani, ya kuma ƙaru da shi a kan tarihin ƙasashen Sudan. Tun kafin waɗannan ma an yi Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi a 1732 a kan hanyoyin tsara hatimi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Har yau masana tarihin lissafi a ƙasashen duniya suna ambaton sunansa, mu kuwa da yawanmu ba mu taɓa jin labarinsa ba.

Tun da na ambaci hatimi, bari in nuna abin da nake nufi da tambayar mai bincike. Lissafin da ke ciki kawai nake magana a kai, ban da sauran abubuwan da wasu ke yi da shi. Kowa ya san hatimin nan mai gida tara. Layin sama 4, 9, 2. Layin tsakiya 3, 5, 7. Layin ƙasa 8, 1, 6. Ko ta ina ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Mai hadda zai tsaya nan. Mai bincike kuwa sai ya ce, don me 15? Kuma dole ne 5 ta zauna a tsakiya? To, in ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45, ka raba wa layi uku, kowanne ya sami 15. Sa'an nan layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, biyu a karkace, jimlarsu 60. A cikin layukan nan huɗu kowane gida na gefe ya shigo sau ɗaya, na tsakiya kuwa sau huɗu. Saboda haka rarar da ke tsakanin 60 da 45, watau 15, ita ce lambar tsakiya sau uku. Raba 15 gida uku, ka sami 5. Babu wata lamba da za ta iya zama a wurin, ko da mutum zai shekara yana gwadawa. Wannan shi ake kira hujja, kuma irin tunanin da littafin Yuklid ke koyarwa ke nan.

Abu na uku shi ne mafi nauyi, domin ya shafi rayuka. Mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin abin da rashin hira tsakanin masana da talakawa ke jawowa, don ga madatsar ruwa ta Bakolori a gabanmu. A 1969 masanan Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka ba da shawarar a yi ƙaramar madatsa a kan Gulbin Sakkwato, a bi abin sannu a hankali. Amma da kuɗin man fetur suka samu, sai aka zaɓi babban aiki. Kamfanin Impresit na Italiya ya fara gini a 1974, aka gama a 1978. Bangon ya kai tsawon kilomita biyar da rabi, tafkin kuwa yana iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili kamar hekta 8,000. Ta fuskar aikin injiniya, babu mai musun cewa an nuna gwaninta.

To, amma wa aka tambaya? Dubban mutane na ƙasar Maradun suka tashi daga gidajensu da gonakinsu, aka sake musu matsuguni a inda ƙasa ba ta kai tasu albarka ba. A filin da za a yi noman rani aka shiga da katafila ana baje gonaki, aka sare itatuwa masu amfani, manoma da yawa suka yi damina ba su yi shuka ba, ga diyya ta zama abin jayayya. Tun daga 1979 manoma suka fara tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje. Wasu rubuce-rubuce sun ce waɗanda suka rasu sun haura 380. Har yanzu akwai tsofaffin da in aka tayar da zancen sai su yi shiru su sunkuyar da kai.

Bayan an yi ɓarna ne wasu masu bincike suka zo suka zauna da manoma. Ɗaya daga cikinsu shi ne William Adams, masanin labarin ƙasa daga Ingila, wanda ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya buga sakamakonsa a 1985. Ya nuna cewa da aka tare gulbi, ambaliyar da ke shayar da fadama kowace damina ta ragu ƙwarai. Manoman da ke shuka shinkafa suka koma gero da dawa, lambun rani ya ragu saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, kifi ya yi ƙaranci har masunta da yawa suka yi ƙaura. Masu tsara aikin sun lissafta ribar da za a samu a filin ban ruwa, amma ba su sa hasarar mutanen fadama a cikin lissafin yadda ya kamata ba. Alhali kuwa kowane tsoho a bakin gulbi ya san watan da ruwa ke hawa, da inda yake kaiwa, da irin shinkafar da ke jure masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an yi hirar nan a 1972 maimakon bayan 1980, da wataƙila an sami madatsa ba tare da an zubar da jini ba.

Kada a ce ina zagin madatsa. Da ruwanta ake noman da ake ciyar da mu, ake kuma saya mana littattafai. A 2014 aka shiga wani shirin gyaran magudanan ruwanta da rancen Bankin Duniya. Abin da nake cewa shi ne ilimin da bai saurari mutane ba yakan zo da tsada.

Don a ga ɗaya gefen, mu leƙa Zariya. A dā malaman gona suna koya wa manoma cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne, kamata ya yi kowane iri a ba shi filinsa. Manoma suka yi kunnen uwar shegu, aka riƙa cewa taurin kai gare su. Sai wani masani a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai suna David Norman, ya ce bari a tambaye su dalili. Daga 1966 zuwa 1967 shi da ma'aikatansa suka riƙa bin magidanta a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a kai a kai har shekara guda, suna rubuta aikin da aka yi da amfanin da aka samu. Da aka buga lissafi sai ga shi gonar da aka haɗa iri ta fi ba da riba a kowace eka, kuma ta fi tsare manomi daga hasara, don in fari ya kashe wannan, wancan ya tsira. Ashe manoma ne ke da gaskiya. Wannan bincike yana cikin abubuwan da suka sa masana aikin gona a duniya suka fara mai da hankali ga tsarin noman talaka kafin su ba shi shawara.

Ga kuma abin da ya faru a maƙwabtanmu. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, abin bai tsaya ba. Sai da aka dubi yadda mutane ke zaune, aka tambayi iyaye, aka gane cewa ana kawo duwatsun zinariya cikin gida ana dakawa ana niƙawa, yara suna wasa a cikin ƙurar. Aka gwada jini, aka tarar gubar dalma ce. Masu binciken da suka bi gida gida a ƙauyuka biyu sun gano cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara kamar 400. Bayan haka aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aka ba yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Tambaya ce ta ceci sauran. Ni kuwa nakan ce, da a ce a kowane ƙauye akwai ɗalibin sakandare ko ɗaya da ya taɓa zama da masanin duwatsu ya ji cewa dutsen zinariya kan zo da dalma, da ya gargaɗi iyayensa tun da wuri.

Yanzu sai falsafa, wadda wasu da sun ji sunanta sai su ce a'uzu billahi. Ni abin da na fahimta shi ne, babban aikinta koya wa mutum auna magana. Tambayarta ta farko ita ce, ta yaya ka sani? Gani ka yi, ko ji ka yi, ko zato kake? A wannan zamani da kowace safiya sai an turo wa iyayenmu labari a waya, yau a ce allurar rigakafi tana hana haihuwa, gobe a ce wani ganye yana warkar da kowace cuta, wace tambaya ce ta fi wannan amfani? Malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da manɗiƙi, watau ilimin tsara hujja. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa masu falsafa raddi mai zafi a kan wasu mas'aloli na aƙida, amma shi da kansa ya rubuta littattafai a kan manɗiƙi, ya kuma yi gargaɗi cewa mai ƙaryata lissafi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi.

Tambayarta ta biyu ita ce, wa zai amfana, wa zai cutu, kuma wa ke da ikon yanke hukunci? Lissafi zai iya gaya maka buhun shinkafa nawa madatsa za ta ƙara. Amma ba zai gaya maka ko daidai ne a raba mutum da gonar gado da kushewar iyayensa ba tare da an nemi yardarsa ba. Wannan sai an zauna an yi tunani, an saurari malaman addini da masana da su waɗanda abin ya shafa. Mu da ke fatan zama injiniyoyi da likitoci gobe, in ba mu koyi wannan tambaya tun yanzu ba, yaushe za mu koya? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ya kamata a ba su amsa. Wasu abokaina sun ce jarrabawa ce a gabanmu, hira ba ta cikin manhaja. Amsata ita ce awa biyu a zango ba za su kayar da kowa ba, kuma abin da mutum ya gane dalilinsa ya fi zama a kai bisa abin da ya haddace. A Ingila an yi wani ɗan maƙeri mai suna Michael Faraday, wanda bai yi karatu mai zurfi ba, yana aikin ɗinkin littattafai. A 1812 ya sami damar sauraron laccocin masanin kimiyya Humphry Davy, daga nan ya zama yaronsa a ɗakin gwaji. A 1831 shi ya gano yadda ake samar da lantarki ta hanyar motsa maganaɗisu kusa da waya, ƙa'idar da kowane janareta ke aiki da ita har yau. Bai manta mafarinsa ba, don yana cikin waɗanda suka kafa laccocin kimiyya na yara a Landan a 1825, waɗanda ake ci gaba da yi har yanzu.

Wasu kuma sun ce Hausa ba za ta iya ɗaukar kimiyya ba. Ai kuwa tun a 1949 Alhaji Abubakar Imam da Rupert East suka fara fitar da littafin Ikon Allah, wanda ya yi bayanin halittu da al'amuran duniya da Hausa tsantsa. Inda babu kalma sai a ara, kamar yadda muka ari lantarki da inji da mita. Ni ma ina ganin masanin da ya kasa yi wa kakata bayanin aikinsa, akwai sauran aiki a gabansa.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta tsaro. Ba wanda ya manta watan Fabrairu na 2021, lokacin da aka sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, ko harin da aka kai Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a cikin shekarar. Ba za a zargi baƙon da ya ji tsoron hanya ba. Amma ba sai an ɗauko mutum daga Legas ko Landan ba. A Talata Mafara akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, akwai Jami'ar Jihar Zamfara. A Bakura ga kwalejin gona, a Gusau ga Jami'ar Tarayya, a Sakkwato ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ga injiniyoyin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, ga likitocin asibiti. Da yawansu tare muke sallar Juma'a, kasuwa ɗaya muke ci ranar Talata. Wanda ke nesa kuwa, ai waya da lasifika sun isa. In muka bari tsoro ya rufe ƙofar ilimi, to, masu bindiga sun ci riba biyu.

Saboda haka ga shawarata ga Shugaban Makaranta da malamanmu da ƙungiyar iyaye. A keɓe yammacin Asabar ɗaya a kowane zango. Ƙungiyar kimiyya da ta muhawara su haɗa kai su rubuta takardar gayyata. Baƙo ya yi bayanin aikinsa cikin rabin awa kawai, sauran lokacin duka na tambaya ne. A roƙe shi ya zo da kayan aikinsa mu taɓa da hannunmu, don gani ya kori ji. A roƙe shi kuma ya faɗa mana abu ɗaya da ya gwada ya ƙi, da abu ɗaya da har yanzu bai gano ba. A gayyaci sarkin noma da sarkin ruwa da ungozoma da limami, a ba su wurin zama a gaba, a kuma ba su damar magana. Ɗalibai biyu su rubuta abin da aka tattauna, a buga a wannan mujalla, don mu kai gida lokacin hutu mu karanta wa iyayenmu.

Mu ma ɗalibai akwai namu aikin. Kada mu je mu zauna kamar gumaka, ko mu yi tambaya don a ce mun iya Turanci. Tambayoyi suna nan birjik a ƙofar gidanmu. Me ya sa wasu gonakin ban ruwa ke fitar da farin gishiri a sama har shuka ta ƙone? Mece ce dangantakar katantanwar kanal da tsargiyar da ke damun yara masu wanka a ciki? Laka nawa ke taruwa a gindin madatsa kowace shekara, kuma yaya ake auna ta? Me ya sa rijiyar wannan unguwa ke ƙafewa a bazara, ta waccan kuwa ba ta ƙafewa? Kowa ya tanadi littafi ya riƙa rubuta irin waɗannan, ya kuma tambayi tsofaffin gidansu abin da suka sani a kai kafin ranar zama.

Ga masu bincike kuma ina da roƙo ɗaya, cikin ladabi. Duk wanda ya ɗebi ƙasarmu ko ruwanmu ko jinin ƙannenmu, ko ya cinye wa iyayenmu wuni da tambayoyi, to, bashi ya ɗauka. Biyan bashin shi ne ya dawo ya faɗa mana abin da ya gani, da harshen da muke ji.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, mu kai wannan magana gaban hukumar makaranta tun a wannan zango. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙasar da ta fitar da Muhammadu Bello da Ɗan Tafa ba ta rasa ƙwaƙwalwa ba, kuma ba mamaki a cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda wata rana shi za a gayyato ya zauna a kujerar baƙo. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.